Daga "Copper" Zuwa Kwabo: Tarihin Sarar Turawan Ingila da Abin da Ya Iso Ƙasar Katagum

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Azare, ko a zauren taruwar ɗalibai a nan Gadau, ya san abin da za mu faɗa. Za ka ga ɗalibi ya shafe shekara goma sha biyu ko fiye yana karatu da Turanci, ya ci jarrabawarsa, yana karanta manyan littattafai ba tare da ya nemi ƙamus ba. Amma da zarar an tashi wasa, aka miƙa wa wani ɗan ƙwallo haifaffen Libaful abin magana, sai ka ga ɗalibin nan ya yi tsuru, yana tsintar kalma ɗaya yana zubar da uku. Wani yakan yi dariya ya wuce. Wani kuwa abin yakan tsaya masa a rai, har ya fara zargin malamansa da cewa ba Turancin ainihi suka koya masa ba.

Wannan zargi ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi. Tambayar da muka sa a gaba ita ce: shin sauran al'ummomin da ke magana da Turanci suna fahimtar kalmomin sara na mutanen Ingila? Idan wasu suna fahimta wasu ba sa fahimta, mene ne dalili? Sa'an nan mu da muke zaune a ƙasar Katagum, inda Turawan Ingila suka yi mulki daga 1903 zuwa 1960, me ya iso gare mu daga cikin wannan sara, ta wace ƙofa ya shigo, kuma me muka yi da shi? Daga ƙarshe za mu juyo kan Hausa, domin abin da ya sami Turanci yana samun harshenmu a kan idonmu.

Ma'anar Sara

Abin da muke nufi da sara shi ne kalmomin da wani rukunin jama'a, musamman matasa ko masu sana'a ɗaya, kan ƙirƙira ko su karkatar da ma'anarsu don amfanin kansu. Idan saurayi ya kira gwanin lissafi "ƙwaro", ko ya ce wata mota "ta haɗu", sara ya yi. Sara tana da halaye biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, harshe ne na sa'o'i da abokan zama, kuma rabin daɗinta shi ne wanda ba na ciki ba ya kasa ganewa. Na biyu, yayi ce, takan tashi ta faɗi, ta yadda sarar uba kan zama abin dariya a kunnen ɗa.

Turawa sun daɗe da lura da wannan sashe na harshensu. Tun a 1785 Francis Grose ya wallafa ƙamus na maganganun ɓarayi da sojoji da 'yan tasha na Ingila. A 1937 kuma Eric Partridge, wanda haifaffen Niyuzilan ne, ya fitar da babban ƙamusin sara wanda aka daɗe ana dogaro da shi. Daga cikin ire-iren sarar da suka fi wuyar ganewa akwai ta talakawan gabashin Landan, wadda ta ɓulla a wajajen shekarun 1840. Ta yi kama da zaurancenmu ta fuskar manufa. Sukan ɗauki kalma su musanya ta da wani furuci mai amsa-amo ɗaya da ita, sa'an nan su yanke wutsiyar furucin. Alal misali, kalmar "look", wato duba, ta zama "butcher's hook", wato ƙugiyar mahauci, daga nan aka yar da ƙugiyar, aka bar "butcher's" kawai. Wanda bai tashi cikin abin ba, ko da Turanci ne harshen uwarsa, yaya za a yi ya gane cewa in an ambaci mahauci ana nufin ya duba?

Yadda Turanci ya Rarrabu

Fahimtar sarar Ingila a wata ƙasa ta danganta ne ga tarihin ƙasar: yaushe mutanenta suka rabu da Ingila, waɗanne irin mutane ne suka je can, kuma ko zirga-zirga ta ci gaba bayan rabuwar.

Mu ɗauki Amurka. Turawan Ingila sun kafa mazauninsu na farko mai ɗorewa a can a 1607, ƙasar ta ayyana 'yancinta a 1776, kuma a 1828 Noah Webster ya wallafa ƙamusinsa wanda ya ba Turancin Amurka tsayuwa da ƙafarsa. Mafi yawan sarar da ake ji a Ingila yau an ƙirƙire ta ne bayan wannan rabuwa, don haka ba ta cikin kayan da kakannin Amurkawa suka ƙetare teku da su. Tazarar ta fito fili a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ma'aikatar yaƙi ta Amurka ta buga wa sojojinta da za su zauna a Ingila wani ɗan littafi, wanda a ciki aka jera kalmomin da suka bambanta, aka kuma gargaɗe su game da wasu kalmomi da ba komai ba ne a Amurka amma batsa ce a gaban matan Ingila. Winston Churchill ma ya ba da labarin yadda manyan hafsoshin ƙasashen biyu suka daɗe suna gardama a kan kalmar "table". A wurin mutanen Ingila, in an ce a yi wa takarda haka, ana nufin a gabatar da ita a tattauna yanzu. A wurin Amurkawa kuwa ana nufin a jingine ta. Ashe duk abu ɗaya suke so, harshe ne ya raba su. Ko a 1998, da za a buga littafin farko na Harry Potter a Amurka, shekara guda bayan fitowarsa a Landan, sai da aka sauya sunan littafin da wasu kalmomi na cikinsa don yaran Amurka su gane.

Ostireliya kuwa labarinta daban ne. An fara kai Turawa can a 1788, kuma daga lokacin zuwa 1868 an kai fursunoni kimanin 160,000, yawancinsu talakawan birane, wato ainihin masu sarar. Ɗaya daga cikinsu, James Hardy Vaux, ya tattara kalmomin 'yan uwansa fursunoni a 1812 domin masu shari'a su riƙa gane abin da ake faɗa a gabansu. Bayan haka ƙaura daga Ingila ba ta yanke ba, har ma ta ƙaru bayan 1945. Wannan ya sa mutumin Ostireliya ko Niyuzilan yake jin kalmomi irin su "bloke", wato mutum namiji, da "knackered", wato gajiya liƙis, kamar a gidansu, alhali Ba'amurke sai dai ya tsince su a fim ko talabijin.

Ƙasashe irin namu su ne rukuni na uku. Turawa ba su zo nan don su zauna su hayayyafa ba. Sun zo mulki da ciniki, 'yan ƙalilan ne, kuma da wa'adin mutum ya cika sai ya koma gida. Wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Zuwan Turanci Ƙasar Katagum

Masarautar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tana cikin wurare na farko a daular Sakkwato da suka ji sautin Turanci. A watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney suka iso birnin Katagum daga Kukawa, zamanin Sarki Ɗankauwa. Oudney ya rasu a Murmur ranar 12 ga watan, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato shi kaɗai. Wannan ziyara ba ta bar mana kalmar Turanci ko ɗaya ba, domin da Larabci aka fi yin ma'amala, shi kansa Clapperton da sunan Abdullahi aka san shi. Abin da ta bari shi ne shaida cewa kunnen Bature ma yana karkatar da kalma kamar yadda namu yake yi, don kuwa a littafin tafiyar da aka buga a 1826 sunan Ɗankauwa ya koma "Duncowa".

Zama na sosai ya fara ne a 1903, bayan faɗuwar Kano. An sa Katagum cikin Lardin Kano, aka mayar da hedkwatar masarautar Azare a 1916, sa'an nan a 1926 aka haɗe ta da Lardin Bauchi. A duk tsawon wannan zamani akwai abubuwa biyu da suka tare wa sarar Ingila hanya. Na farko, jami'an mulki na Arewa dole ne su ci jarrabawar Hausa kafin su sami ci gaba a aiki, don haka da Hausa Di'o yake magana da Sarki da hakimai da talakawa. Na biyu, Turawa ba su zauna cikin jama'a ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar gudun sauro da zazzaɓi. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, inda ba a zauna tare ba, ba a yi raha tare ba, ta ina sara za ta bi? Bature yakan ajiye sararsa sai ya je kulob cikin 'yan uwansa. Su ma Hausawa suna da tasu a kansa, wato laƙabin da suke ba kowane jami'i, kamar yadda Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, Bryan Sharwood-Smith kuma ya zama Mai Wandon Ƙarfe.

Abin ban sha'awa shi ne, Turawan da suka zauna a nan sun ƙirƙiri wata sara tasu wadda mutanen Landan ba sa ji. Suna kiran abinci "chop", kyauta "dash", mai kula da doki kuma "doki-boy", rabi Hausa rabi Turanci. Garinmu na Gadau yana da nasa kaso a wannan tarihi. A shekarun 1920 gwamnati ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando da ciwon barci a Sherifuri, daga baya aka dawo da shi Gadau, inda masana irin su Dakta T. A. M. Nash suka zauna a shekarun 1930 kafin a koma aikin Anchau a ƙasar Zazzau. An ɗauki leburori suna sare kurmi a bakin kogi, an kuma ɗauki samari suna bin hanya da ɗan koma suna kama ƙudan ana ƙirgawa. Waɗannan samari, Turawan aikin suna kiransu "fly-boys". A bakin sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, wannan furuci matuƙin jirgin saman yaƙi yake nufi. Ke nan da Bature mai binciken tsando zai gaya wa Ba'amurke yawan "fly-boys" da yake da su a Gadau, sai ya zaci rundunar mayaƙan sama ce aka girke a ƙasar Katagum.

Ƙofofin da Kalmomi Suka Shigo

Duk da wannan katanga, kalmomi sun shigo, amma ta ƙofofi ƙunƙuntattu, kuma kowace ƙofa da irin kayan da ta shigo da su.

Ƙofa ta farko ita ce bariki. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 ta dogara ƙwarai da Hausawa da masu jin Hausa, kuma Hausa ce harshen ma'amala a cikinta har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma fagen daga a Burma. Daga nan muka sami soja da kurtu da kofur da samanja da hafsa da fareti da gadi. Kalmar bariki ita kanta ta bar ma'anarta ta gidan soja, ta zama sunan wata irin rayuwa, har aka sami ɗan bariki da zaman bariki da Barikanci. Kalmar gadi kuwa ta yi tafiya ta dawo: Bahaushe ya ara, ya liƙa mata "mai", sa'an nan Turancin Nijeriya ya karɓe ta a matsayin "maiguard", kalmar da ba wanda zai gane ta a Landan.

Da yawa daga cikin hafsoshin nan sun yi aiki a Indiya kafin su zo nan. Lugard kansa a Madras aka haife shi a 1858. Sun zo da kalmomin Turawan Indiya, biyu daga ciki kuma sun zauna daram a Hausa. Ɗaya ita ce kaki. Ɗayar ita ce fanka, daga "punkah", wato wani mafici babba na ƙyalle da ake ratayewa a rufin ɗaki, bara yana jan igiyarsa. Yau da wuya ka sami matashi a Ingila da ke amfani da wannan kalma, balle a Amurka, amma babu yaron da bai san fanka ba a Azare.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan Bature da ofishinsa, inda kuku da boyi da masinja da lebura suka fito, tare da Razdan da Di'o da Joji da En'e. Ta uku ita ce kanti da tasha. Kalmar kanti daga "canteen" take, sunan da ake kiran shagunan kamfanoni irin su Janhol a wancan zamani, alhali a Ingila ta yau wurin cin abinci na ma'aikata ko ɗalibai take nufi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, motoci kuma suka fara jigilar gyaɗa a hanyar da ta bi ta Jama'are da Azare zuwa Potiskum, sai kalmomin mota suka kwararo. Idan muka duba su za mu ga hatimin Ingila a jikinsu. Muna cewa fetur da but da tocila, daga "petrol" da "boot" da "torch", inda Ba'amurke zai ce "gas" da "trunk" da "flashlight". Sai dai kananzir ta saɓa, domin daga "kerosene" take, alhali a gidajen Ingila "paraffin" ake cewa. Wannan ya nuna cewa wani lokaci sunan da ke jikin gwangwani ya fi bakin mai mulki ƙarfi.

Ƙofa ta huɗu ita ce makaranta. Vischer ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta shahara wajen koyar da lafazi mai tsabta. Daga cikinta ne ƙasar Bauchi ta sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suka yaba wa Turancinsa, da kuma Sa'adu Zungur, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa. Turancin littafi aka koya musu, ba na titin Landan ba. Amma da yake an tsara makarantun kwana a kan tsarin na Ingila, wata 'yar sara ta ɗalibai ta tsallako, kamar firef, da "fag", wato ƙaramin ɗalibi mai yi wa babba hidima. Wannan kalma ta biyu misali ce mai kyau ga batunmu: a makarantar kwana ma'anarta ke nan, a titin Ingila taba sigari ce, a Amurka kuwa zagi ne mai muni. A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya wallafa nazari a 1966 a kan sarar 'yan makaranta a Arewacin Nijeriya, abin da ke nuna cewa tun a lokacin ɗalibanmu sun riga sun fara ƙera tasu. Da malaman sa-kai na Amurka suka fara zuwa a 1961, sai aji ɗaya ya zama yana jin Turanci iri biyu.

Labarin Kwabo

Babu kalmar da ta fi bayyana wannan tarihi kamar kwabo. Talakan Ingila yana da sunayen sara ga kuɗinsa: fam "quid" ne, sule "bob", sisi "tanner", peni kuma "copper", wato jan ƙarfe, domin da shi ake ƙera shi kafin 1860. Daga cikin huɗun nan, "copper" ce ta bi bakin 'yan jirgin ruwa da 'yan kasuwa ta sauka gaɓar teku, ta hau zuwa Arewa ta zama kwabo. Sule da sisi da fam kuwa daga sunayen hukuma suka fito. A ganinmu dalilin bai wuce cewa kwabo shi ne kuɗin talaka ba, shi ne ake miƙa wa ɗan dako da mai tallan ƙosai, kuma kalmar da ke tafe da abin hannu ta fi saurin kama bakin mutane. Sunan ya zauna har ya hau kan kwabo mai huji na Afirka ta Yamma da ya maye gurbin wuri, wanda a farkonsa fari ne, ba ja ba.

A watan Janairu na 1939, da aka fara buga jaridar Hausa a Zariya ƙarƙashin Rupert East da Abubakar Imam, sunan da aka ba ta shi ne Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ranar 15 ga Fabrairu 1971 Ingila ta sauya tsarin kuɗinta, sule da sisi suka kama hanyar ɓacewa, "bob" da "tanner" suka zama maganar tsofaffi. Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira, ta ba ƙaramin kuɗinta suna kobo a hukumance. Wato kalmar da take sara a titin Landan ta zama kalmar doka a nan. A Kenya kuma har yau "bob" ake kiran sulensu a kasuwa, ta yadda ɗan Nairobi ya fi jikan Baturen da ya kai kalmar sanin amfaninta. Mu ma ga shi kwabo da sisi da anini sun bar aljihunmu, amma suna nan a bakinmu duk lokacin da muka ce ba mu da ko sisin kwabo.

Da Kiɗa ya Juya

Bayan 1960 kogin ya fara gudu ta fuska biyu. Finafinai da waƙoƙin Amurka sun kawo tasu sara, har "guy" ta zama gaye da gayu a Hausa. 'Yan Nijeriya kuma suka shiga juya kalmomin Ingila yadda suka ga dama. A Ingila "go-slow" wani salon yajin aiki ne da ma'aikata ke rage sauri da gangan, a nan kuwa cunkoson motoci ne. A Legas in an kira mutum "Dundee" ana nufin wawa, kuma masu bin diddigi sun fi danganta wannan da ziyarar da ƙungiyar ƙwallo ta Dundee United ta kawo Nijeriya a 1972, inda ba ta taɓuka abin kirki ba. Mutanen garin Dundee sun daɗe ba su san abin da sunan garinsu ya zama ba.

A watan Janairu na 2020 babban ƙamusin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada". A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu, ciki har da "japa" da "suya". Mu lura da wannan ta ƙarshe. Abin da duniya ke kira "suya", Bahaushe tsire yake ce masa, suya kuwa a wurinsa aikin kasko da mai ne. Yadda muka karkatar da "canteen" haka aka karkatar da tamu.

Hausa ma Haka Take

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906 sun raba ƙasar Hausa biyu, kowane ɓangare ya shiga aro daga harshen mai mulkinsa. Ɗan Azare da ya je Damagaram zai ji ana cewa lakwal a maimakon makarantar boko, duwan a maimakon kwastan. Zai ji yara suna kiran malaminsu mushe, kalmar da a gida ba a faɗa wa mai rai. In ya nemi biro, za a nuna masa ofis, domin abin rubutu a can bik ne. Ita wannan biro tamu ma kalmar yau da kullum ce ta Ingila, daga sunan László Bíró wanda ya ƙirƙiro alƙalamin, kuma Amurkawa ba sa amfani da ita. A ciniki abin ya fi haɗari: dala a Nijeriya sule biyu ce a da, a Nijar kuwa tamma biyar ce, jaka a nan fam ɗari ce, wato naira 200, a can kuwa tamma dubu. Ko a cikin gida, Guddirancin da ake yi a ƙasar Katagum, wanda Dauda Bagari ya yi nazari a kansa, yana da kalmomin da Basakkwace zai nemi a maimaita masa.

Abin da ya riƙe mu wuri ɗaya shi ne daidaitacciyar Hausa: aikin Gaskiya, da Hukumar Hausa ta 1955, da taron daidaita rubutu na Yamai a 1980, da gidajen rediyo irin su sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Sara kuwa tana bin hanyarta. Tun daga shekarun 1990 finafinan Kano suke kai sarar samarin Kano zuwa Maraɗi da Agadas da zangon Kumasi, kamar yadda fim da ƙwallo ke kai ta Landan Amurka da Azare. Bakano yakan ɗauka kowa na jin sararsa, shi kuwa bai san ta Damagaram ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayarmu ita ce: ana fahimtar sarar Ingila gwargwadon kusancin tarihi da yawan cuɗanya. Ostireliya da Niyuzilan suna jin kaso mai yawa, Amurka kaɗan, mu kuwa abin da ya iso mu shi ne wanda ya zo manne da wani abu da muke taɓawa, kamar kwabo da fanka da biro. Saboda haka ɗalibin da ya kasa gane ɗan ƙwallon Libaful ba shi da dalilin zargin malamansa, don ɗalibin Amurka ma haka zai yi tsuru. Turancin da zai fisshe shi a jarrabawa da wurin aiki, a kowace ƙasa ya sami kansa, shi ne daidaitacce, kuma haka abin yake ga Hausa.

Sai dai akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Grose da Vaux da Partridge sun rubuta sarar zamaninsu, shi ya sa muka iya bin sawunta a yau. Mu kuwa dattawan da suka yi ciniki da ahu da taro da nai suna ƙarewa, haka ma 'ya'yan waɗanda suka kama ƙudan tsando a Gadau ko suka dawo daga Burma. Muna kira ga ɗaliban wannan sashe, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da su ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana su shiga Gadau da Azare da tsohon birnin Katagum, su tambayi tsofaffi sunayen da suke kiran Turawan da suka sani, da kalmomin bariki da na tasha da na kasuwa da aka daina ji, su rubuta kowace da ma'anarta da garin da aka ji ta. Su kuma haɗa da sarar da su kansu suke yi a ɗakunan kwanansu, da shekarar da ta fito. Allah ya ba mu ikon yi.